Tambaya da Amsa: Alun Wyn Jones, Dogon Wales Mai Wasa 170

A fitowar da ta gabata na jero 'yan wasan da a ganina suka fi kowa juriya a wannan ƙarni, na ɗora wani ɗan zari-ruga daga Wales, Alun Wyn Jones, a kan 'yan ƙwallon ƙafa da dama da kuke ji da su. Sai wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu na neman bayani, wasu na neman faɗa. Ga waɗanda na zaɓa. Na rage tsawon gaisuwar saboda fili, amma duk ina amsawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai ban taɓa jin sunan mutumin nan ba sai a shafinka. Na nemo bidiyonsa a waya, na yi ta kallo har data ta ƙare, ban ga ya ci ko ɗaya ba. Sai dai ya faɗi ya tashi, ya tura a tura shi. To shi mene ne aikinsa?
Daga wani tela, Fagge, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, maigida. Allah ya mayar maka da kuɗin data. Amma ba ka yi asara ba, domin faɗuwa da tashin nan da ka gani, da turin, su ne aikin da aka ɗauke shi ya yi.

A zari-ruga kowane ɓangare mutum 15 ne, wasa kuma minti 80. Takwas ƙarti ne, su ne 'yan gaba. Bakwai masu gudu da bugu ne, su ne 'yan baya. Sai dai ɗan gaba a nan ba irin Osimhen ba ne, ba don ci aka ajiye shi ba. Shi dai ya ƙwato ƙwallo, ya hana a ƙwace ta, ya miƙa wa masu sauri su ruga su dangwala ta a bayan layin abokan karawa, a rubuta musu maki 5. Jones yana cikin dogayen nan biyu masu lamba 4 da 5. Tsayinsa mita 1.98, nauyinsa wajen kilo 120.

Idan aka yi ƙaramin laifi, misali ƙwallo ta suɓuce wa mutum ta yi gaba, sai takwas ɗin nan su sarƙe da takwas na can, a jefa ƙwallo a ƙarƙashinsu, kowa ya yi ta maza. Mutum uku ne a sahun farko. Dogayen biyu su ke cusa kai tsakanin ƙugun waɗannan uku, su kafe ƙafa a ƙasa, ƙarfin turin duka ya bi ta kafaɗunsu da gadon bayansu. A wannan hali ko kyamara ba ta samun fuskarsu. Idan kuma ƙwallo ta fita, jifan ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne. Sahu biyu ake yi, a jefo ta ta tsakiya, mutum biyu su kama dogon a cinya su ɗaga shi sama ya cafke. Sauran lokacin kuwa duk kayarwa ce da kokawa a kan ƙwallon da ke ƙasa: ya tare ƙato mai gudu da kafaɗa, ya miƙe, ya koma layi, ya sake tare wani.

A wasa 158 da ya yi wa Wales, cin da ya yi bai kai goma ba. Abokin wasansa Shane Williams, ɗan gajere mai saurin tsiya da ke gefen fili, ya ci 58 a wasa 87. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In za ka sake kallo, kada ka bi ƙwallo da ido. Ka nemi wasa cikakke, ka tsallaka zuwa minti na 70, lokacin da sauran ƙartin suka dafa gwiwa suna haki, ka duba wa ke riga kowa miƙewa bayan an kayar. A nan za ka gane shi.

An haife shi a Swansea, wani birni a Wales, ranar 19 ga Satumba, 1985, a gidan da uba da kaka duk sun yi wa kulob ɗin garin wasa. Ya taso a ƙaramin kulob na Bonymaen, ya shiga Ospreys, ƙungiyar ƙwararru ta yankinsu, a 2005. A watan Yunin 2006 aka fara kiransa ƙungiyar ƙasa, yana ɗan shekara 20, a wasa da Ajantina a Puerto Madryn, gaɓar da 'yan ci-rani daga Wales suka sauka a 1865. Ran nan ma ba a matsayinsa ya buga ba, lamba 6 aka ba shi. Yana wasa yana karatu, har ya kammala digirin lauya a Jami'ar Swansea a 2010. A wannan wasa kyaftin ne ke da bakin yi wa alƙalin wasa magana, kuma cikin ladabi. Ka ga ke nan karatun bai tafi a banza ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai goyon bayan Swansea City ne tun zamanin da André Ayew ke can. Na ji an ce mutumin nan a filinmu yake wasa. In har gwani ne kamar yadda ka ce, me ya zaunar da shi a ƙaramin gari shekara 18? Babu babban kulob da ya neme shi ne?
Daga wani matashi, Zangon Kumasi

Amsa: Barka kadai, ɗana. Gaskiya aka faɗa maka. A 2005 Ospreys da Swansea City suka shiga fili ɗaya, wanda a zamanin Ayew ake kira Liberty. Ciyawar da ɗan ƙasarku ya taka, ita Jones ya riƙa faɗuwa a kai.

Sai ka fara sanin yadda abin yake a can. A 2003 hukumar zari-ruga ta Wales ta ga tsofaffin kulob na garuruwa ba za su iya biyan ƙwararru ba, sai ta harhaɗa su yanki-yanki. Ospreys ta fito ne daga haɗa Neath da Swansea, maƙwabta biyu da ba sa ga maciji. Biyar aka kafa, ɗaya ta mutu bayan shekara guda, saura huɗu: Ospreys, Scarlets, Cardiff da Dragons.

A lokacin da Jones ya taso, Ospreys ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ta ɗauki kofin lig da suke bugawa da kulob na Ailan da Sikotilan a 2007, ta lallasa Leicester 23 da 6 a wasan ƙarshe na wani kofi a Twickenham, babban filin Ingila a Landan, a 2008, ta sake ɗaukar lig a 2010 da 2012, duka biyun a Dublin, a gaban magoya bayan Leinster, ƙungiyar da ta doke. Na 2012 da maki ɗaya tak, 31 da 30, kuma Jones ne kyaftin. Ka ji wani abin mamaki: da Warren Gatland, ɗan Niyuzilan, ya karɓi horar da Wales, a wasansa na farko a Fabrairun 2008 ya zuba 'yan Ospreys 13 cikin 15. Suka je Twickenham suka doke Ingila 26 da 19, abin da Wales ta shekara 20 ba ta yi ba a wannan fili.

Inda ƙungiyar ta gaza shi ne kofin Turai. Shekara uku a jere, 2008 zuwa 2010, tana zuwa zagayen 'yan takwas ana koro ta. Munster ta yi mata 43 da 9 a 2009, Biarritz kuma ta fitar da ita da maki ɗaya a 2010. Daga nan kuɗi suka fara ja baya, taurari suka watse. A 2011 kaɗai Mike Phillips, James Hook da Lee Byrne duk suka tafi Faransa. Daga sauran yankunan ma aka bi sahu: Jamie Roberts, Leigh Halfpenny da Jonathan Davies suka nufi Faransa, George North ya nufi Ingila.

Jones ya zauna. Akwai son gida a ciki, ba na musu, amma akwai lissafi. A 2015 ya sa hannu a wata yarjejeniya da hukumar ƙasa ke biyan kashi 60 na albashi, kulob ya biya 40. Wanda ya biya kaso mai tsoka shi ke da iko, don haka hukumar ke ƙayyade yawan wasan da zai yi a shekara, ta hutar da shi in manyan wasannin ƙasa sun gabato. A Faransa ba haka ba ne. Lig ɗinsu doguwa ce, mai kulob kuma da ya zuba kuɗi yana son ya ga abin da ya saya kowane mako. Ni a ganina, da ya bi abokansa a 2011, da ya fi haka kuɗi, da wataƙila ya ɗaga kofin Turai, amma da ba mu zo muna maganar 170 ba.

Ya dai ɗanɗana Faransan a ƙarshe. A 2023, bayan ya bar Ospreys, Toulon ta ɗauke shi na 'yan watanni ya cike gurbin waɗanda suka tafi gasar cin kofin duniya.

Tambaya: Malam, lissafinka akwai gyara. Ka ce wasa 170 ya yi wa ƙasarsa, alhali 158 ne. Sauran 12 ɗin wata ƙungiya ce ta daban. Ai wannan haɗa gero da dawa ne a awo ɗaya don a ce an fi kowa.
Daga wani malamin lissafi, Maraɗi

Amsa: Malam, a gafarce ni, ai ba a ja da ku a kan lissafi. To bari mu bi taka, mu zubar da 12 ɗin. Saura 158. Sam Whitelock na Niyuzilan ya tsaya a 153, Richie McCaw, wanda ya riƙe tarihin kafin Jones, ya tsaya a 148. Ko ta wane awo ka bi, shi ne a gaba.

Amma ba zan bari ka zubar da su ba, domin sun fi sauran tsada. Ƙungiyar da kake nufi ita ce Lions. Duk bayan shekara huɗu ake tsamo gwanayen Ingila, Sikotilan, Wales da Ailan, a sa musu jar riga ɗaya, su tafi ɗaya daga ƙasashe uku, Afirka ta Kudu, Ostareliya ko Niyuzilan, su yi manyan wasanni uku da mai masauki. Hukumar zari-ruga ta duniya tana ƙirga waɗannan a matsayin wasannin ƙasa da ƙasa. Wales ƙasa ce mai mutum miliyan uku da 'yan kai, za ka iya cewa rashin dogaye ne ya sa ba a taɓa ajiye shi ba. A Lions babu wannan uzuri. Gurbi biyu ne, masu nema daga ƙasa huɗu. Jones ya yi tafiya huɗu, 2009, 2013, 2017 da 2021, kuma manyan wasanni 12 da aka yi a cikinsu babu wanda bai shiga ba.

Ta 2013 ce ta fito da shi. An yi ɗaya da ɗaya da Ostareliya, saura wasan raba gardama a Sydney. Kyaftin Sam Warburton ya ji rauni, Paul O'Connell na Ailan ya karye a hannu tun wasan farko, sannan Gatland, wanda shi ne kocin Lions a tafiyar, ya ajiye Brian O'Driscoll, gwarzon 'yan Ailan, abin da ya tayar da ƙura a Ailan kamar za a yi yaƙi. Aka miƙa wa Jones jagoranci, da 'yan Wales goma a cikin 15. Da an sha kashi, da shi da Gatland ba su da wurin ɓuya. Suka ci 41 da 16, nasarar tafiya ta farko ga Lions tun 1997.

A 2017 aka je Niyuzilan. A wasa na biyu da na uku an haɗa shi da Maro Itoje, ɗan Ingila wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, yaron da ya girme wa da shekara tara. Suka ci na biyu 24 da 21 a Wellington, aka tashi 15 da 15 a na uku. Wannan na Wellington shi ne kaɗai karon da Jones ya taɓa doke Niyuzilan, domin a rigar Wales bai taɓa ba. Ba shi kaɗai ba ne, rabon Wales da ta doke su tun 1953. Itoje shi ya zama kyaftin ɗin Lions a 2025.

Ranar da ya karya tarihin McCaw kuwa, 31 ga Oktoba, 2020, babu ɗan kallo ko ɗaya. Korona ta hana taro, babban filin Cardiff an mayar da shi asibiti, sai aka kai wasan Llanelli. Sikotilan ta ci 14 da 10.

Tambaya: Yallaɓai, duk wannan yabo, ya taɓa ɗaukar kofin duniya? In bai ɗauka ba, ta yaya za a ce ya fi kowa a matsayinsa?
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Amsa: Alhaji, bai ɗauka ba. Ni kuma ban ce ya fi kowa iya wasa ba, juriya na ce.

Sau huɗu ya je. A 2007 Fiji ta kore su tun a rukuni, 38 da 34, aka sallami koci washegari. A 2015 sun je Twickenham sun doke mai masauki Ingila 28 da 25, sannan Afirka ta Kudu ta fitar da su a zagayen 'yan takwas. A 2019 sun kai wasan kusa da na ƙarshe a Yokohama, ana 16 da 16 saura 'yan mintoci, Handré Pollard ya buga fenariti, wanda a wannan wasa bugu ne ta saman sanda mai maki 3, Afirka ta Kudu ta wuce, ta je ta ɗauki kofin.

Ta 2011 ita ce ciwon da har yau bai warke ba a Wales. Wasan kusa da na ƙarshe da Faransa a Auckland, mutum sama da dubu 60 sun cika filin Cardiff da sassafe suna kallo a majigi. Ba a yi minti 20 ba Warburton ya ɗaga Vincent Clerc na Faransa ya sake shi ya faɗo ta kafaɗa, alƙali ya zaro jan kati. Sa'a guda cur suka yi su 14, kuma wanda aka kora ɗan gaba ne, wato nauyin mutum takwas ya koma kan bakwai. Duk da haka su kaɗai suka dangwala ƙwallo a wasan. Bugun da zai sa su gaba bai shiga ba, wani dogon fenariti na Halfpenny daga tsakiyar fili ya bi ta ƙarƙashin sanda. Aka tashi 9 da 8.

Abin da ya tara a Turai ne. Gasar Ƙasashe Shida, ta Ingila, Faransa, Ailan, Italiya, Sikotilan da Wales, ya ɗauke ta sau biyar: 2008, 2012, 2013, 2019 da 2021. Uku daga ciki, 2008, 2012 da 2019, ba su faɗi wasa ko ɗaya ba. In za ka kalli shekara ɗaya, kalli 2019. A Paris an tafi hutu Faransa na da 16 suna nema, suka dawo suka ci 24 da 19. Suka doke Ingila 21 da 13. A wasan ƙarshe da Ailan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ji ciwo a gwiwa tun farko, aka naɗe masa, ya ƙarasa, suka ci 25 da 7. Kafin a fara ma, ana shirin taken ƙasa, ya ga yaron da aka tsayar a gabansa yana rawar ɗari, ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa masa. Shi aka zaɓa gwarzon gasar, kuma a Agustan shekarar Wales ta hau matsayi na ɗaya a duniya a karon farko.

Ba waliyyi ba ne. A 2010 a Twickenham ya sa wa Dylan Hartley na Ingila ƙafa da gangan, aka ba shi katin gargaɗi, wanda a wannan wasa yana nufin minti goma a waje. Kafin ya dawo Ingila ta zuba maki 17, ta kuma ci wasan da tazarar 13. Gatland bai rufa masa asiri ba, ya fito gaban 'yan jarida ya ce wautar nan ce ta kayar da su.

Wa ya fi shi? John Eales na Ostareliya ya ɗauki kofin duniya sau biyu, kuma dogo ne mai buga fenariti, abin da ba a saba gani ba. Martin Johnson ya ɗaga wa Ingila a 2003. Whitelock da Eben Etzebeth na Afirka ta Kudu kowanne sau biyu. A cafke jifa Victor Matfield, shi ma na Afirka ta Kudu, ya fi shi nesa ba kusa ba. Sau biyu Jones ya shiga jerin 'yan takarar gwarzon duniya, 2015 da 2019, bai samu ba, kuma ban ga an zalunce shi ba. Ni Eales nake ba wa. Sai dai duk waɗannan a ƙungiyoyin da suka fi Wales yawan gwanaye suka yi wasa, wannan ma a sa shi a sikeli.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗana yana karatu a Birtaniya, ya shiga ƙungiyar zari-ruga ta makarantarsu. Ya ba ni labarin wai mutumin nan kafaɗarsa ta goce amma ya koma wasa cikin kwana 18, shi ma haka yake so ya zama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwa, Kaduna

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Hankalinki ya yi daidai da ya ƙi kwanciya.

Labarin gaskiya ne. Ranar 26 ga Yuni, 2021, yana kyaftin ɗin Lions, a wasan share fage da Japan a Edinburgh, minti bakwai da farawa kafaɗarsa ta goce. Aka ce ya fita daga tafiyar, aka naɗa Conor Murray a madadinsa, jirgi ya tashi ba shi. Bayan kwana 18 aka sanar zai bi su Afirka ta Kudu. Ya buga manyan wasanni uku a Cape Town, suka ci na farko, suka faɗi biyu.

Abin da yaron bai gaya miki ba shi ne sauran labarin. A ƙarshen Oktoban shekarar, a wasa da Niyuzilan, kafaɗa ta sake tashi, wannan karon sai da aka yi masa aiki, bai dawo ba sai Maris na 2022. Sannan shi yana da likitoci da masu gashin ƙashi a kansa dare da rana, kuma ya san tafiyarsa ta ƙarshe ke nan da Lions, yana da shekara 35. Ɗalibi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai.

Akwai kuma abin da ya fi kafaɗa. Da ya je Toulon, a gwajin lafiya aka gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, sai da aka yi masa aiki bayan ya ajiye wasa. Shi da kansa ya bayyana haka, yana kira a riƙa duba 'yan wasa. Tsohon kyaftin ɗinsa a Ospreys da Wales, Ryan Jones, ya sanar a 2022 cewa an same shi da cutar mantuwa yana da shekara 41, kuma yana cikin ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa da suka kai hukumomin wasan kotu a kan bugun kai. Ban ce ki hana shi ba. Amma ki kafa masa sharaɗi ɗaya: duk ranar da ya bugu a kai, ya fita nan take, kada ya koma sai likita ya sallame shi. Ke kin fi ni sanin dalili.

Tambaya: Baba, me ya sa ya yi ritaya ana saura wata huɗu gasar cin kofin duniya ta 2023? Korarsa aka yi?
Daga wata ɗaliba, Zariya

Amsa: 'Yata, ba a kore shi ba, sunansa yana cikin waɗanda Gatland ya kira sansanin horo. Shi ya sanar da ajiyewa a watan Mayu, rana ɗaya da abokin wasansa Justin Tipuric. Amma mai ido ya ga alama. Yana da shekara 37, an riga an ba wani kyaftin, ƙafa kuma ta yi nauyi. Ni a nawa ganin ya ma ƙara shekara guda a kan lokacinsa. Wasansa na 150 a rigar Wales, a Maris na 2022, an shirya masa biki a Cardiff, Italiya ta zo ta ci 22 da 21, ita da ta shekara bakwai ba ta ci wasa a gasar ba.

Gidan ma a lokacin ya rikice. A Fabrairun 2023 'yan wasan ƙasa suka yi barazanar ƙin buga wasa da Ingila, saboda hukuma da yankuna sun kasa daidaitawa a kan kuɗi, 'yan wasa da yawa ba su san ko suna da aiki bayan 'yan watanni ba. Jones na cikin waɗanda suka fito suka yi wa 'yan jarida bayani. Aka sasanta ana saura kwana uku, aka sassauta dokar da ke hana mai wasa a waje buga wa ƙasa sai ya yi wasa 60, aka mayar da ita 25. Wasansa na ƙarshe a rigar Wales shi ne na Paris a watan Maris. A Nuwamba ya dawo Cardiff ya yi sallama, yana jagorantar Barbarians, ƙungiyar gayyata, a karawa da ƙasarsa.

Wasu na cewa tafiyarsa ce ta rusa Wales. Ban yarda ba. Tsara guda ce ta tsufa tare, su Tipuric, Dan Biggar, Halfpenny, Ken Owens da George North, yankunan da ya kamata su haifo magada kuma an rage musu kasafi. Daga Oktoban 2023 Wales ta faɗi wasa 18 a jere, har da 68 da 14 da Ingila ta yi mata a Cardiff, Gatland ya tafi Gasar Ƙasashe Shida ta 2025 ba ta ƙare ba. Sai a Yulin 2025 ta samu ta doke Japan a Kobe, 31 da 22.